Yadda Za Ka Kawar da Warin Fumfuna Daga Iyakwandishan ɗin Motarka a Legas

Duk direban da ya yi damina ɗaya a Legas ya san warin nan. Ka fito da sassafe daga Agege, ka tayar da mota, ka kunna iyakwandishan, sai wata iska ta buge ka a fuska mai warin jiƙaƙƙen tsumman da aka manta a bokiti kwana uku. Bayan minti biyu ko uku sai ya lafa, ka ɗauka ya wuce, alhali hancinka ne ya saba. Wanda zai shigo motar daga baya shi zai sha shi.

Ni ranar da na ɗauki abin da muhimmanci ita ce ranar da na ɗauko wata Hajiya daga Idi-Araba. Ta zauna a baya, ta ja mayafi ta toshe hanci, can ta ce, "Malam, don Allah kashe sanyin nan ka sauke gilashi, ina da asma." Maganar ta tsaya mini a rai, domin iskar da ta hana baiwar Allah numfashi ita 'ya'yana suke shaƙa kullum a hanyar makaranta. Abin da zan zayyana a nan shi ne abin da na bi har motar ta rabu da warin, kuma mafi yawansa za ka iya yi da hannunka a ƙofar gida ranar Asabar.

Inda warin yake fitowa

A bayan dashbod, ta ɓangaren kujerar fasinja, akwai wani akwatin roba. A cikinsa akwai wata saƙa ta alminiyam mai kama da ƙaramin lagireto, masu gyaran sanyi suna ce mata ibaforeta. Gas ɗin iyakwandishan yana ratsa ta ya sanyaya ta har ta kusa daskarewa, fanka ta huro iska ta cikinta, iskar ta fito maka da sanyi. To ka lura da ledar fiya wata idan aka ciro ta daga firji da rana tsaka, nan take jikinta yake yin raɓa. Haka saƙar nan take yi, sai dai ita tana tatsar ruwa daga iska tun daga lokacin da ka kunna har ka kashe. Ruwan yana taruwa a gindin akwatin, ya bi wani ɗan bututun roba ya ɗiga ƙasa. Ɗigon da kake gani a ƙarƙashin mota idan ka yi fakin, alamar lafiya ce.

Matsalar tana farawa ne bayan ka kashe mota. Saƙar tana nan sharkaf, cikin duhu, ba iska, ɗumin inji yana ratsa wurin, ƙura da ɓurɓushin ganye sun manne mata. Fumfuna da ƙwayoyin cuta ba abin da suke nema da ya wuce haka. A Kano ko Sakkwato, cikin bazara, iska busasshiya ce, kafin gari ya waye wurin ya bushe da kansa. A Legas kuwa laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa ke tsuga, da kuma Satumba da Oktoba idan ya dawo. Garin da takalmin da ka ajiye a ƙarƙashin gado yake yin fumfuna, ina ga rufaffen akwatin da ake jiƙa shi kullum? Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda ka ji wannan warin, akwai ruwan da ya kwanta a inda bai kamata ba, kuma aikinka duka shi ne ka nemo shi, ka wanke wurin, ka busar.

Shi ya sa abubuwa biyu da mutanenmu suka fi yi ba sa magani. Na farko turare. Mu akwai son ƙamshi, kuma abu ne mai kyau, amma na sha ganin mutum ya shigar da kasko cikin mota ya zuba turaren wuta ya rufe ƙofofi. Kwana biyu motar tana ƙamshi, a na uku ƙamshi da wari su gauraya su zama wani abin da ya fi na da hawa kai. Hayaƙin ma yana bin iska ya je ya lafe a jikin jiƙaƙƙiyar saƙar, ban da haɗarin garwashi a kusa da kujera da kafet. Na biyu shi ne gas. Kana cewa iyakwandishan yana wari, wani zai ce maka, "Oga, sai an sake gas." An bar jaki ana dukan taiki. Gas ɗin, wanda a yawancin motocin da ke kan titunanmu R134a ne, a cikin rufaffun bututai yake yawo, ba ya haɗuwa da iskar da kake shaƙa. Idan ya ragu, sanyi ne zai ragu. Motar da take sanyi ƙalau amma tana wari ba ta bukatar ko ɗigon gas.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: sabuwar filtar iskar cikin mota daidai da ƙirar motarka, gwangwanin kumfar wanke ibaforeta mai dogon tiyo siriri, tocila, sukundireba, tsummoki, tsohon buroshi, ƙaramar roba ta tarar ruwa, safar hannu da takunkumi. Filta da kumfa ana samunsu a kasuwar Ladipo da ke Mushin da shagunan kayan mota na unguwanni. Ka zaɓi ranar da rana ta fito, ka yi aikin a fili.

Mataki na 1: Ka tantance wane irin wari ne

Kada ka sayi komai sai ka tabbatar da wannan, domin ba kowane wari ne na fumfuna ba, wasu ma gargaɗi ne. Da safe, kafin motar ta yi zafi, ka shiga ka shinshina ba tare da ka kunna komai ba. Idan tun a lokacin akwai wari, to daga kafet ne ko kujeru ko but. Idan ba komai sai da ka kunna fanka sannan ya taso, to daga cikin akwatin ne.

Warin fumfuna irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ne, wani lokaci da ɗan tsami-tsami kamar safar da aka yi gumi a ciki. Idan kuwa ɗoyi ka ji, irin na mushe, to ɓera ne ya shiga ya mutu, kuma galibi a kan filta ko cikin fanka za ka same shi. Idan wani ƙamshi ne mai zaƙi-zaƙi, gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo daga ciki, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to saƙar hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, ita ce ta huje, aikin makaniki ne. Mu da muke yawan zuba ruwan famfo a lagireto, wani lokaci ba za a ji zaƙin ba sai warin tsatsa da tururi. Ƙaurin roba ko na waya kuwa, kashe komai za ka yi ka nemi mai gyaran wuta a ranar. Warin fetur ma haka.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne warin hayaƙin salansa a cikin mota. Tare da shi akwai iskar guba wadda ita kanta ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kisa. 'Yan'uwa masu jiran lodi a Apapa da masu jiran oga a bakin ofis, don Allah a daina kwanciya barci a mota da inji a kunne da gilasai a rufe.

Mataki na 2: Ka kwashe komai, ka laluba ƙasa

Fitar da tabarmin ƙafa duka, da duk abin da ke ƙarƙashin kujeru da cikin but. Wanda yake sayayya a Mile 12 ko yake ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba ya san yadda ruwan tumatir ko jini ke tsiyaya daga leda ya shige kafet ɗin but. Fura ko kunun da yaro ya zubar wata biyu da suka wuce ma suna nan. Idan iyakwandishan yana juya iskar ciki, duk wannan warin zuƙo shi yake yi ya bi ta jiƙaƙƙiyar saƙar. Ɗaga taya safaya ka haska ramin da tocila, sau da yawa za ka tarar da ruwa kwance a can.

Sannan ka danna tafin hannunka da ƙarfi a kan kafet, gaba da baya, musamman wurin ƙafar fasinja. A nan mutane suke ruɗuwa, don saman kafet yakan bushe alhali soson da ke ƙarƙashinsa cike yake da ruwa. Ɓalle robar bakin ƙofa, ka ɗaga gefen kafet ɗin, ka zura hannu. Idan ka ji danshi, sai ka tambayi kanka daga ina. Ko bututun ruwan iyakwandishan ne ya toshe, wanda za mu zo kansa. Ko robar ƙofa ce ta tsufa. Ko magudanar tagar rufi ce ta cushe, ga mai irin wannan motar. Ko an taɓa canza gilashin gaba ba a liƙe shi da kyau ba. Ko yaran wankin mota ne suke sheƙa ruwa a ciki su mayar da tabarmi a jiƙe. Ko kuma ka taɓa kutsawa cikin ambaliyar Lekki ko Ajah ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa. Masu sayen tokunbo su ƙara lura, cikin motocin da ake saukewa a Apapa da Tin Can akwai waɗanda ambaliya ta taɓa cinyewa a Amurka. Tsatsa a ƙusoshin kujera da busasshen taɓo a ƙarƙashin kafet su ne shaidar.

Idan danshin kaɗan ne, tokare kafet ɗin da katako ko gorar ruwa, ka cusa tsofaffin jaridu su tsotse, ka buɗe ƙofofi huɗu a rana, ka jawo fankar gida ka saita ta a wurin. Yini ɗaya ba lallai ya isa ba a wannan garin. Idan kuwa ruwa ya yi yawa, sai an cire kujeru an fitar da kafet ɗin gaba ɗaya an wanke an shanya. Kafin a zare wayoyin ƙarƙashin kujera a cire kan batir, domin masu launin rawaya na jakar iskar kariya ne, ba a wasa da su. Bayan ya bushe, barbaɗa bekin soda ka bar shi ya kwana, ka share da safe.

Mataki na 3: Mashigar iska

Buɗe bonet ka duba gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa. Robar nan mai raga ta nan ne iskar waje take shiga. Kwashe ganye da yashi da ledoji, ka goge da buroshi, ka zuba ruwa kofi biyu ka ga ko yana zurarewa ƙasa ta bayan tayoyin gaba. Idan ya tsaya, magudanar ta toshe, a buɗe ta. Mai fakin a gindin bishiyar mangwaro ko ta almon ya riƙa duba nan duk mako.

Mataki na 4: Ciro filta

Direbobi da yawa sun san filtar inji amma ba su taɓa jin cewa cikin mota ma yana da tasa ba. A yawancin motocin Japan da muke hawa, irin su Corolla daga ƙirar 2003, da Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake kira Big Daddy, da ta 2007 zuwa 2011 da ake kira Muscle, da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, filtar tana bayan akwatin ajiya na gaban fasinja. Kwashe kayan ciki, ka zare 'yar sandar da ke riƙe da shi a gefen dama, a wasu motocin akwai sukuru ɗaya. Sai ka matse gefunan akwatin biyu zuwa ciki, zai sauko ƙasa. Za ka ga wani dogon murfi mai maƙalai, ɓalle shi ka jawo filtar a hankali, a kwance, kada dattin kanta ya zube cikin fankar da ke ƙasanta. A wasu motocin Turai, kamar Golf 4, ta ƙarƙashin bonet ake ciro ta, kusa da gindin gilashi. Tsofaffin motoci kuma wasu ba a yi su da ita ba sam.

Kafin ka fitar da ita gaba ɗaya, lura da inda kibiyar jikinta take kallo, ko ka ɗauki hoto da waya. Kibiyoyin iri biyu ne kuma suna rikita mutane. Wadda aka rubuta UP a gefenta sama take kallo. Wadda aka rubuta AIR FLOW kuwa hanyar iska take nunawa, a irin waɗannan motocin ƙasa ke nan, wajen fanka.

Abin da za ka gani zai iya tayar maka da hankali: baƙar ƙura, ganye, kashin ɓera, ƙwan kyankyaso, wani lokaci ɗigo-ɗigon fumfuna. Kada ka wanke ta ka mayar. Takarda ce, idan ta jiƙe ta zama gidan fumfuna na biyu. Wani kuma zai buɗe ya tarar da ramin wayam, domin akwai masu gyaran da suke cire ta su yar, wai tana tare iska. Filtar da ta toshe ce take tare iska, maganinta sabuwa. Motar da ke yawo ba filta, duk ƙurar hunturu da hayaƙin danfo kai tsaye suke manne wa saƙar. Je da tsohuwar kasuwa a gwada girma. Idan da hali sayi mai gawayi, toka-toka ce kuma ta fi nauyi, tana rage warin hayaƙi. Amma kada ka sa sabuwar yanzu, ajiye ta sai an gama wanki.

Mataki na 5: Bututun zubar da ruwa

A nan ne rabin matsalar take ga motoci da yawa, shi ya sa zan daɗe a kai. Yi fakin a busasshen siminti, ka kunna iyakwandishan minti 10 zuwa 15, ka leƙa ƙarƙashi ta ɓangaren fasinja, daidai bayan inji. A iskar Legas ya kamata ka ga ruwa yana ɗiga sosai, garai-garai, ba launi ba wari. Idan kore ne ko ja-ja, wannan ruwan lagireto ne. Idan kuwa sanyi yana fitowa amma ƙasa a bushe, bututun ya toshe. Wasu alamun su ne ka ji ƙarar ruwa yana kaɗawa a bayan dashbod idan ka sha kwana, ko ruwa ya zubo wa fasinja a ƙafa.

Kashe mota ka bari salansa ta huce, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita. Ya fi ka kai ta wurin da akwai rami, ko gareji ko wurin wanki. Bututun gajere ne, baƙar roba, kaurinsa bai wuce yatsa ba, yana leƙowa daga bangon da ya raba inji da cikin mota, bakinsa yana kallon ƙasa. Fara da matsa shi da yatsu kana murzawa, sau da yawa taɓo ne ko gidan zanzaro ya toshe bakin, yana faɗowa sai ruwa ya ɓalle. Kauce da fuskarka, ruwan baƙi ne mai ɗoyi.

Idan bai buɗe ba, zura abu mai laushi, kamar igiyar kamun kifi mai kauri ko siririyar roba, kana juyawa a hankali. Da ka ji ta tokare da abu mai tauri, tsaya. Kada ka sa wayar ƙarfe ko sandar lema. Saƙar tana nan a ƙarshen bututun, alminiyam ɗinta siriri ne, kana huda ta gas zai tsere, aikin da za ka yi kyauta ya koma na kwance dashbod da sayen sabuwar ibaforeta. Mai faci zai iya hura maka iska ta bakin bututun, amma kaɗan-kaɗan. Ka kuma leƙa ta ciki, can saman wurin ƙafar fasinja, don wani lokaci bututun bai toshe ba, ƙafar wani ce ta ture shi ya zame yana zuba a kafet.

Mataki na 6: Wanke saƙar

Gwangwanin da kake nema za ka ga an rubuta evaporator cleaner a jikinsa, yana zuwa da dogon tiyo. Karanta umarnin jikinsa ko ka ba wani ya karanta maka, idan ya saɓa da nawa bi nasa. Inji a kashe, ba taba sigari, ba wuta a kusa, domin iskar cikin gwangwanin tana kamawa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta bututun nan da ka buɗe. Girgiza gwangwanin sosai, ka zura tiyon ta bakin bututun har ya shige cikin akwatin, ka danna. Kumfar za ta kumbura ta cika wurin ta lulluɓe saƙar. Zare tiyon, ka ajiye roba a ƙasa, ka jira kamar minti 15. Kumfar za ta narke ta gangaro da datti. Dubi launin ruwan. Idan baƙi ne ƙirin, maimaita da wani gwangwanin, ko yau ko bayan mako guda.

Wasu suna fesawa ta ramin filta. Yana yiwuwa, amma a motocin da na ambata fanka tana ƙarƙashin ramin kai tsaye, idan kumfa ta cika injinta za ka iya ƙona shi. Mai gyaran da ya san aikinsa kwance fankar yake yi, sukurori kaɗan ne a ƙarƙashin akwatin ajiya, ya wanke fukafukanta daban, ya zura tiyon ta wannan kafar ya nufi saƙar. Ta ramukan da iska ke fitowa a dashbod kuwa kada ka tura kumfa, ba za ta isa inda ake so ba, kuma tana iya tsiyaya kan rediyo da wayoyi. Waɗannan ramukan buroshi da ɗan jiƙaƙƙen tsumma sun ishe su.

Akwai wani gwangwanin da ake dannawa a ajiye a ƙasan mota, a kunna sanyi a kan juya iskar ciki, a rufe ƙofofi kowa ya fita. Yana taimakawa idan warin bai yi nisa ba, amma feshi ne kawai, ba ya ɗauke dattin da ya kafe. Ni ina ɗaukarsa ƙari ne bayan kumfa.

Abubuwan da ba a zubawa ko kusa: bilic irin su Hypo da Jik, domin yana cin alminiyam, tururinsa kuma yana ƙona maƙogwaro, fetur da kananzir, sai maganin ƙwari irin su Sniper da fiya-fiya. Na san kyankyasai suna sa mutum ya yi tunanin haka, amma guba ce, duk abin da ka zuba a wannan akwatin huhunka da na iyalinka zai koma.

Mataki na 7: Busarwa da mayar da kaya

Sauke gilasai duka, ka tayar da mota a fili, madannin A/C a kashe, ka saita a kan iskar waje. Fara da fanka a ƙasa na minti biyu, sannan ka ƙure ta minti 10, kana juya ta zuwa fuska, zuwa ƙafa, zuwa gilashi, don kowace hanya ta samu. Tsaya a waje lokacin. Idan hitar motarka tana aiki, ƙure ta ita ma minti 10 a kan juya iskar ciki, zafin yana busar da hanyoyin. Motoci da yawa a nan an riga an yanke musu hita, idan taka haka take fanka kaɗai ta wadatar, sai ka ƙara mata lokaci. Yanzu ne za ka sa sabuwar filta, ka rubuta kwanan wata a gefenta da biro, ka mayar da akwatin. Gawayi a cikin tsohuwar safa a ƙarƙashin kujera yana tsotse ɗan abin da ya saura. Turarenka kuma yanzu ne zai yi amfani, na fesawa ko na ratayawa.

Abin da zai hana shi dawowa

Idan ka koma kashe mota da sanyi a kunne, cikin 'yan watanni kana nan inda ka baro. Ɗabi'a ɗaya ce za ka koya: saura minti 3 zuwa 5 ka isa, kashe madannin A/C, ka bar fanka a ƙure a kan iskar waje. Ni da zarar na karyo kwanar layinmu nake yi, musamman a tafiyar ƙarshe ta dare, tunda ita ce motar za ta kwana a kanta. Za ka ɗan ji zafi, gaskiya ne, kuma a iskar Legas saƙar ba za ta bushe ƙarau ba, amma fankar tana kakkaɓe mafi yawan ruwan ta kuma ɗumama saƙar ta daina yin raɓa.

A cikin goslo, a Oshodi ko bayan tankokin Apapa, bar ta a kan juya iskar ciki, ba wanda zai ce ka shaƙi hayaƙin tirela. Idan hanya ta buɗe, kamar a kan gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, sai ka ba ta iskar waje na ɗan lokaci. Wajen fakin na dare akwai zaɓi. Barinta a kan iskar waje yana sa akwatin ya sha iska, amma yana bar wa ɓera ƙofa a buɗe. Idan unguwarku akwai ɓeraye da kwata a kusa, busar da fanka tukuna sannan ka mayar da ita kan iskar ciki kafin ka zare makulli.

Filta kuwa, littattafan motoci sukan ce a canza ta duk shekara ko bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000. Ni a garin nan sau biyu nake dubawa, bayan ƙurar hunturu wajen Fabrairu, da kuma ƙarshen damina. Motar da ake ajiyewa a tafi gida Sallah ko a yi doguwar tafiya, a bar wa wani amintacce makulli ya riƙa tayar da ita a fili duk mako yana kunna fanka. Yaran wanki kuma ka tsaya a kansu, tabarmi ba ya komawa ciki sai ya bushe.

Idan duk ka yi wannan, ka wanke sau biyu, kafet a bushe, bututu yana ɗiga, amma bayan mako biyu warin ya dawo, to dattin ya kafe a saƙar ko akwai mushe a lungun da hannu ba ya kaiwa. Sai mai gyaran sanyi, kuma a yawancin motoci sai an zare gas an kwance dashbod, aikin yini guda ne ko fiye. Nemi wanda direbobin unguwarku suka shaida, ku yi ciniki tun kafin ya taɓa sukuru. Wasu wuraren suna da injin ozon da ake sawa a rufe mota. Yana kashe wari, amma iskarsa tana cutar da huhu, kada kowa ya zauna a ciki, a kuma buɗe ƙofofi ta sha iska sosai kafin a shiga. Idan an kwance, ce masa, "Malam, kira ni in ga saƙar kafin ka mayar." Idan ta ci tsatsa ko jikinta yana da maiƙon man kwamfireso, wato injin da ke tura gas, alamar yoyo ke nan, gara a canza ta tunda an riga an buɗe. Kafin ka biya, a kunna sanyi a gabanka minti 10, ka durƙusa ka ga ruwa yana ɗiga a ƙasa, ka taɓa kafet ɗin fasinja, ka kuma buɗe akwatin ajiya ka tabbatar filtarka tana ciki.